Koyon Shari'a a Jami'a: Fannoni na Musamman da Sanin Makamar Aiki

1. Mafari

Duk wanda ke nufin zama lauya a Nijeriya sai ya bi ta ƙofa biyu. Ta fari ita ce jami'a, inda zai yi shekara 5 yana karatun digiri na farko a fannin shari'a, ko shekara 4 in ya shiga da wata takardar shaida ta gaba da sakandare. Ta biyu kuwa ita ce Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, inda zai yi kimanin shekara guda yana koyon aikin kansa. An shirya abin ne bisa tunanin cewa jami'a ta ba da ilmi, makarantar lauyoyi ta koyar da makamar aiki. Wannan rabo ya haura shekara 60 yana gudana, ya kuma fitar da alƙalai da lauyoyin da ƙasa ke alfahari da su. Amma akwai wani gurbi da bai cike ba, gurbin kuwa ya fi fitowa fili a Arewa, inda a ke karanta doka da Ingilishi, a ke ciro hukuncin aure da gado daga littattafan Larabci, mai ƙara kuwa ya zo da maganarsa da Hausa. Wannan takarda za ta bayyana asalin tsarin, da fannonin da ɗalibi ke karantawa, da irin gwanintar da aikin ke bukata, sa'an nan ta nuna inda sha'anin harshe ya shiga ciki.

2. Hanyoyi Biyu na Dā

Kafin zuwan Turawa, mai son alƙalanci a ƙasar Hausa a zaure ya ke karatu. Ya kan fara da ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya, watau Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya wuce zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, daga nan Askari, har ya kai ga Muhtasar na Halilu. Almajiri ya kan ja baƙi da Larabci, malam yana fassara masa da Hausa ko Fulatanci, gaɓa gaɓa. Wanda ya nufi kujerar shari'a ya kan ƙara da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu cikin 1426, gama littafi ne da ke bayanin yadda a ke tafiyar da ƙara tun daga farkonta har yanke hukunci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami a kan mulki da shari'a. Bayan karatu kuma sai mutum ya zauna gefen alƙali, yana muhuti ko magatakarda, shekara da shekaru, yana ganin yadda a ke tambayar shaidu da yadda a ke ba da rantsuwa. Ta haka ilmi da aiki su ka tafi tare, da harshen da masu ƙara ke ji.

Hanyar tana da nata rauni. Babu jarrabawa, babu ma'auni ɗaya daga gari zuwa gari, sau da yawa kuma alƙalanci ya kan zama gadon gida. Don gyara wannan ne aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan. Cikin 1947 aka faɗaɗa ta, ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Hanya ta biyu ta Landan ce. Mai son zama lauya ya kan shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na birnin, ya halarci liyafofin da aka wajabta, ya ci jarrabawa, a rantsar da shi. Ba a bukatar digirin jami'a. Christopher Sapara Williams shi ne ɗan Nijeriya na fari da ya bi wannan hanya, cikin 1879. Arewa kuwa ba ta sami lauya nata ba sai cikin 1955, sa'ad da aka rantsar da Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq mutumin Ilori. Waɗanda su ka komo daga Landan dokar Ingila su ka karanta, ba su karanta dokar filaye ta Nijeriya ko shari'ar Musulunci ba. Daɗin daɗawa, doka ta hana lauya tsayawa gaban kotunan En'e, alhali kuwa a can a ke yanke mafi yawan shari'o'in Arewa. Sabo da haka hanyoyin nan biyu su ka daɗe ba su gamu ba.

3. Yadda Aka Kafa Tsarin Yanzu

Ana gab da samun mulkin kai abubuwa biyu su ka faru waɗanda su ka sāke fasalin karatun shari'a. Na fari a Arewa ne. Tun cikin 1947 shari'ar Tsofo Gubba ta nuna saɓanin da ke tsakanin hukuncin kisa na Malikiyya da dokar laifuffuka ta Turawa, gama kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin da kotun Sarkin Gwandu ta yanke. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Jami'ar Landan, da wakilai uku na Arewa. Shawararsu ce ta haifi dokar laifuffuka da jama'a ke kira Final Kod, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Sai ya zama dole a koya wa ɗaruruwan alƙalai sabuwar doka cikin gaggawa. Makarantar Koyon Mulki ta Zariya ita ta ɗauki nauyin wannan horo, aka kuma fassara dokar da Hausa domin amfanin kotuna.

Na biyu ya shafi ƙasa baki ɗaya. Cikin 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Babban Lauyanta, E. I. G. Unsworth, ya duba makomar aikin lauya. Kwamitin ya ba da shawara Nijeriya ta riƙa horar da lauyoyinta a gida, jami'a ta ba da digiri, a kuma kafa makaranta a Legas don koyon aiki. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen shari'a cikin 1961, jami'o'in Legas da Ife da Ahmadu Bello su ka bi baya cikin 1962. A wannan shekara aka yi dokar da ta kafa Majalisar Ilmin Shari'a. Makarantar Horon Lauyoyi ta fara aiki cikin Janairu, 1963, a wani gida da ke Titin Igbosere a Legas, da ɗalibai 8, kwas ɗin fari kuwa wata 3 ne kacal. Cikin 1997 aka mai da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja, daga baya aka yi mata rassa a wurare da dama, ciki har da Bagauda a Jihar Kano, da Yola.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. A Ingila aikin lauya kashi biyu ne, akwai mai tsayawa gaban kotu, akwai mai zama ofis yana ganawa da jama'a yana rubuta takardu. A Nijeriya mutum ɗaya ke yin duka biyu daga ranar da ya sa hannu a littafin Kotun Ƙoli. Watau nauyin da a ke ɗora wa sabon lauya a nan ya fi wanda a ke ɗora wa takwaransa na can.

4. Tushe da Rassa

Darussan digiri na farko iri biyu ne, akwai na dole, akwai na zaɓi. Na dole su ne tushen da ba a zama lauya sai da su: hanyoyin nazarin doka, tsarin shari'a na Nijeriya, tsarin mulki, dokar ƙulla yarjejeniya, dokar laifuffuka, dokar ɓarna da biyan diyya, dokar ciniki, dokar filaye, ƙa'idojin adalci da riƙon amana, dokar shaida, dokar kamfanoni, da falsafar shari'a. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Ilmin Shari'a su ke sa ido a kan wannan. A shekarar ƙarshe kuma ɗalibi ya kan rubuta kundin bincike a kan wani batu da ya zaɓa.

Na zaɓi su ne fannoni na musamman, kamar dokar iyali, dokar ma'aikata, dokar haraji, dokar banki da inshora, dokar man fetur da iskar gas, dokar haƙƙin mallakar fasaha, dokar ƙasa da ƙasa, dokar muhalli, da haƙƙin ɗan Adam. Ba don ado aka jera su ba, gama kowannensu yana da doka rubutacciya a bayansa wadda ke sākewa. An sāke dokar shaida cikin 2011, sashe na 84 nata ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta. An yi dokar laifuffukan intanet cikin 2015, sabuwar dokar kamfanoni cikin 2020, dokar masana'antar man fetur cikin 2021, dokar kare bayanan mutane cikin 2023. Lauyan da ya gama karatu kafin waɗannan shekaru sai ya koma ya zama ɗalibi.

Daga nan a ke gane amfanin fanni na musamman ga mai digiri na farko. Darasin zango biyu ba ya mai da kowa gwani a haraji ko man fetur. Abin da ya ke koyarwa shi ne yadda a ke shiga sabon fanni: a nemo dokar da ke mulkinsa, a san hukumar da ke zartar da ita, a bi hukunce-hukuncen da manyan kotuna su ka yanke a kanta, a gane inda ta gamu da tushe. Wanda ya iya wannan a fanni guda zai iya shi a wani. Haɗarin da ke ciki shi ne zaɓe don kwaɗayi. Ɗalibai da yawa su kan ruga ga fannin da su ke jin yana da maiƙo, alhali kuwa wanda zai buɗe ofis a Gusau ko Azare, abin da zai fi zuwa masa shi ne rikicin gona, rabon gado, mutuwar aure, bashi, da neman beli.

5. Shari'ar Musulunci a Matsayin Fanni

Jami'o'in Arewa sun daɗe da gane wannan. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci cikin 1966, sashenta na shari'a kuma yana ba da digirin da ya ƙware a wannan fanni. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato su na haɗa dokar Ingila da shari'ar Musulunci cikin digiri ɗaya. Dalili kuwa a fili ya ke. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a iko a kan aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Tun bayan Tsarin Mulkin 1979 manyan kotuna su ka buɗe wa lauya ƙofar kotun alƙali. Daga shekarar 2000 kuma, Zamfara da wasu jihohi 11 su ka faɗaɗa aikin shari'ar Musulunci. Lauyan da bai san fiƙihu ba, rabin kotunan garinsa sun fi ƙarfinsa.

Misali guda na rabon gado zai nuna abin da aji ke koyarwa da abin da ya ke bari. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, sai Naira 2,700,000 ta rage. Matar tana da tumuni, 'ya'yan su na da kashi biyu cikin uku, uba da uwa kowanne sudusi. In aka ɗauki 24 a matsayin asalin lissafi, mata na da 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4, jimla 27. Rabo ya fi dukiya yawa, sai a yi auli, watau a mai da asalin 27 don kowa ya ragu daidai gwargwado. Mata ta sami 300,000, kowace 'ya 800,000, uba 400,000, uwa 400,000. Wannan ita ce mas'alar da malamai ke kira Minbariyya, kowane ɗalibi mai himma kuwa zai warware ta a jarrabawa.

To, a ce matar mamacin ta zo ofishin lauya, cikin magana ta ce, "Ai Malam yana da ɗa namiji." In ɗan cikinsa ne, lissafi ya juye gaba ɗaya. Babu auli, mata ta sami 337,500, uba da uwa kowanne 450,000, ragowar 1,462,500 a raba wa ɗan da 'yan'uwansa mata, shi 731,250, kowace 'ya 365,625. In kuwa ɗan wansa ne da ya riƙa tun yana yaye, wanda duk unguwa ke kira ɗansa, ba shi da ko anini a gadon, gama uban mamaci ya katange shi. Bahaushe ya kan kira ɗan wa ko ɗan ƙane "ɗa", ya kira wan uba ko ƙanen uba "baba", ya ce "ɗan'uwa" ba tare da ya rarrabe shaƙiƙi da ɗan uba ba, fiƙihu kuwa kowannensu hukuncinsa dabam. Ga kuma alkunya, wadda ke hana mace ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Tambaya guda da lauya ya manta bai yi ba tana iya rage rabon marainiya da fiye da rabi.

6. Makamar Aiki

Gwanintar da aikin lauya ke bukata za a iya kasa ta huɗu. Ta fari ita ce sauraro da tambaya. Mai ƙara ba ya zuwa da mas'ala a shirye kamar ta littafi. Ya kan fara daga abin da ya fi ƙona masa rai, ya bar abin da doka ta fi kula da shi, wani abin ma ya ɓoye don kunya. Aikin lauya ne ya bar shi ya zazzage cikinsa, sa'an nan ya bi da tambaya har ya jera abin da ya faru bisa kwanan wata.

Ta biyu ita ce rubutu. Takardar ƙara, takardar rantsuwa, yarjejeniyar sayar da gida, wasiyya, wasiƙar neman biyan bashi, kowace tana da siffarta. Kalma guda da ta karɓi ma'ana biyu cikin yarjejeniya tana iya zama shari'ar shekara goma. Ta uku ita ce tsayuwa gaban kotu, watau gabatar da shaida, yi wa shaidar abokin gāba tambayar ƙure, da jera hujja a taƙaice. A kotun alƙali akwai ƙari a kan wannan. Sai lauya ya san wane ne mai da'awa, wane ne wanda a ke da'awa a kansa, gama a kan na fari kawo shaidu ya rataya, na biyu kuwa rantsuwa. Sai ya san i'izari, watau tambayar da alƙali ke yi wa kowane ɓangare kafin hukunci ko yana da sauran magana, domin kotunan sama sun sha soke hukunci sabo da an tsallake shi.

Ta huɗu ita ce sulhu. An buɗe kotu mai ƙofofi da yawa a Legas cikin 2002 don raba gardama ba tare da doguwar shari'a ba, wasu jihohi su ka bi sawu, cikin 2023 kuma aka yi sabuwar dokar sasantawa ta tarayya. Ga Bahaushe wannan tsohon abu ne da ya sani a zauren mai unguwa. A saman waɗannan huɗu akwai ladabin aiki, watau riƙe asirin mai ƙara, raba kuɗinsa da na lauya, da ƙin yaudarar kotu.

Makarantar Horon Lauyoyi tana koyar da waɗannan cikin darussa biyar: ƙarar laifi, ƙarar haƙƙi, aikin dukiya da filaye, aikin kamfanoni, da ladabi da gwaninta. Ta kan kuma tura ɗalibai su zauna a kotu da ofisoshin lauyoyi na 'yan makonni. Amma ɗalibanta dubbai ne kowace shekara, lokaci kaɗan ne, jarrabawa kuwa na jiran kowa a ƙarshe. Abin da aka bari shekara biyar ba a taɓa ba, da wuya ya zauna cikin watanni.

7. Kotun Gwaji da Ɗakin Taimakon Shari'a

Wannan damuwa ta girmi Nijeriya. Cikin 1870 C. C. Langdell ya shigo da hanyar koyar da doka ta nazarin hukunce-hukuncen manyan kotuna a Jami'ar Harvard ta Amurka. Cikin 1933 Jerome Frank ya soki hanyar, ya ce ɗalibin doka ya kamata ya ga masu ƙara da idonsa yadda ɗalibin likita ke ganin marasa lafiya. Daga wannan tunani ne aka sami ɗakunan taimakon shari'a a jami'o'i, waɗanda su ka yaɗu a Amurka daga ƙarshen shekarun 1960. A Nijeriya an kafa ƙungiyar irin waɗannan ɗakuna cikin 2003, Jami'ar Maiduguri kuwa tana cikin huɗun farko da su ka gwada abin.

Kotun gwaji wasa ce mai amfani. A kan ƙirƙiro ƙara, a raba ɗalibai biyu, malami ko alƙali na gaske ya zauna ya saurara. Tana koyar da jera hujja da dakewa gaban jama'a, amma gaskiyar al'amarin an riga an rubuta wa ɗalibi a takarda. Ɗakin taimako ya fi ta nisa, gama mutane na gaske ke zuwa. Ɗalibi ba shi da ikon tsayawa gaban kotu da sunan kowa, sai dai ya saurara, ya rubuta, ya yi bincike, lauyan da ke kula da ɗakin ya duba ya sa hannu. Babban aikin da ɗakunan su ka fi yi shi ne ziyarar gidajen yari, inda fiye da rabin mazauna jiran shari'a su ke, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar tafiyar da shari'ar laifi ta 2015 ta sa majistare ya riƙa duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Ɗalibin da ya zauna da mutumin da fayil ɗinsa ya ɓace shekara biyu, ya bi sawu har aka sake shi, ya san ma'anar waɗannan sassa fiye da wanda ya haddace su. Gani ya kori ji.

Akwai masu ganin cewa jami'a wurin tunani ce, in aka cika ta da koyon sana'a za a sami masu cike fom waɗanda ba su san dalilin doka ba. Maganarsu tana da ƙarfi, ga kuma ƙarancin malamai da kuɗi, gama ɗakin taimako yana cin lokacin malami fiye da lacca. Sai dai misalin gadon da ya gabata ya nuna cewa tambayar da ta dace daga sanin fiƙihu ta ke fitowa. Wanda bai san uba na katange ɗan wa ba, ba zai ga dalilin tambayar ko ɗan na ciki ne ba.

8. Sha'anin Harshe

Harshen manyan kotuna Ingilishi ne. Kotunan alƙalai a ƙasar Hausa kuwa da Hausa su ke zama, da ita su ke rubuta abin da ya gudana, in an ɗaukaka ƙara zuwa sama sai a fassara. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba wanda a ke tuhuma da laifi haƙƙin a gaya masa laifinsa da harshen da ya ke ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. In ɗan sanda ya ɗauki jawabin mutum ta bakin tafinta, kotuna sun ce sai an kira tafintan ya ba da shaida kafin a karɓi jawabin. Ke nan doka da kanta ta san fassara wuri ne mai santsi. Amma cikin darussan dole na digiri babu wanda ke koyar da ita.

Hausa tana da kalmomin mu'amala masu kaifi waɗanda tafinta marar horo kan dunƙule. Aro shi ne a ba ka abu ka mai da shi kansa. Rance shi ne a ba ka kuɗi ko hatsi ka mai da kwatankwacinsa. Ajiya amana ce, ba a taɓa ta. Jingina kuwa ita ce a ba mai bin bashi gona ya riƙe har ranar da aka biya shi. A Malikiyya wanda ya riƙe fili shekara 10 yana amfani da shi, mai shi yana gani bai yi magana ba, alhali ba dangi ba ne, hauzi ya kan hana a saurari da'awar mai filin. Amma in riƙon ya samo asali daga aro ko haya ko jingina, hauzi ba ya aiki ko an yi shekara nawa. Sabo da haka in tsoho ya ce "jingina na ba ubansa", tafinta ya juya ta da kalmar Ingilishi mai nufin sayarwa ko kyauta, gonar gidan ta tafi. Ga kuma dokar amfani da filaye ta 1978 a kan wannan duka, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma sa sharaɗin neman izini kafin a sayar ko a jinginar.

Haka abin ya ke a ƙarar laifi. Final Kod ta raba sata da cin amana da zamba, kowanne da sashensa da hukuncinsa, alhali mai ƙara ya kan ce "ya cuce ni" kawai. Ta raba kisan da hukuncinsa kisa ne da wanda tsokana ko rashin nufi ya sassauta. Mutumin da aka karanta wa tuhuma ya ce "na ji" ko "haka aka yi", wataƙila abin da ya ke nufi shi ne ya fahimta, ko kuwa abin ya faru amma yana da hanzari. In aka rubuta cewa ya amsa laifi, an rufe masa ƙofar kāre kansa. Abin da ya shafi Hausa a nan ya shafi Barbarci da Fulatanci da Nufanci da Tibi da sauran harsunan Arewa.

9. Abin da Ya Rage ga Malamai

Cikin Disamba, 2022, Hukumar Jami'o'i ta fito da sabon tsarin darussa wanda ya tsayar da kashi 70 cikin 100, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan dama ce ga sassan Hausa da na shari'a su haɗa hannu. Za a iya shirya darasi a kan Hausar kotu da fassarar shari'a, malamin harshe da na doka su koyar tare. Za a iya yin kotun gwaji da Hausa bisa ƙa'idar kotun alƙali, a sa wasu ɗalibai su yi tafinta, a naɗi maganar, a zauna a duba inda ma'ana ta zame. Za a iya horar da tafintocin kotu a ba su takardar shaida.

Akwai kuma aikin bincike da ke jiran masu shi. Ƙamus na Bargery na 1934 ya tara kalmomin ciniki da aure da mulki masu yawa, an kuma buga jerin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Amma littattafan kotunan alƙalai, waɗanda aka cika da Hausa shekara da shekaru, ma'adini ne da ya cancanci a tona, a fitar da kalmomin da yadda alƙalai su ka yi amfani da su, tare da bambancin karin Kano da na Sakkwato da na Bauci.

Malaman kwalejojin horon malamai su ma su na da rabo, gama ɗalibansu ne za su koyar da yaran da za su shiga sashen shari'a. Yaron da aka koya wa ya saurari labari ya mai da shi a rubuce bisa tsari, ya taƙaita dogon zance cikin layi biyar, ya juya magana daga Hausa zuwa Ingilishi ya komo da ita ba ta canja ba, ya kuma iya lissafin tumuni da sudusi, ya riga ya sami rabin kayan aikin lauya tun bai taka jami'a ba. Tsohuwar hanyar zaure ta haɗa littafi da kotu da harshen jama'a, sai dai ba ta da ma'auni. Tsarin 1962 ya kawo ma'auni, ya raba ukun nan. Haɗa su kuma aiki ne da sashen shari'a ba zai iya shi kaɗai ba, sai da masana harshe.